Hawan dutsen Nitmiluk a ƙarshen rani

Garin Katherine yana kimanin kilomita 320 kudu da Darwin, a arewacin Ostareliya, kuma daga garin zuwa bakin kwazazzabon Nitmiluk tafiyar kilomita 30 ce a kan kwalta. Yawancin masu zuwa jirgin ruwa suke shiga: a zaunar da su a inuwa, a ratsa da su tsakanin bangayen dutse, su ɗauki hotuna, su koma. Ni da maigidana muka ce da ƙafa za mu je, mu hau doron dutsen mu leƙo kogin daga sama. Shi ya kawo shawarar, ni kuma na amince da sharaɗin kafin rana ta fito muna kan hanya.

Watan Satumba ne, wato ƙarshen rani a can. Ruwan sama yakan ɗauke tun wajen Afrilu, ba ya dawowa sosai sai Nuwamba ko Disamba, kuma watannin da ke gab da faɗuwar damina su ne masu azabar zafi. A Satumba ma'aunin zafi a Katherine yakan kai digiri 35 ko ya ɗan wuce. Amma wannan lissafin cikin gari ne. Da yammacin da muka isa, wata ma'aikaciyar gandun daji ta shimfiɗa mana taswira a kan kanta a ofishin baƙi, ta ɗora yatsa a kan doron dutsen, ta ce zafin can sama yana iya ɗara na bakin kogi da digiri 10. Ta tambayi yawan ruwan da za mu ɗauka. Malam ya ce lita uku-uku. Ta ce mu lissafa lita ɗaya ga kowane mutum a kowace awa, kuma duk tankin da muka tarar a hanya mu cika gorunanmu ko da ba su yi rabi ba. Fuskarta ba wasa lokacin da take faɗa, kuma hakan ya sa na ƙara yarda da ita.

A sansanin da ke cikin gandun muka kwana. Muna idar da sallar asuba muka goya jakunkuna. Gari bai gama wayewa ba, iska da ɗan sanyi-sanyi, jemagu kuwa suna ta komowa daga kiwon dare, dubbai, suna rataye kansu a rassan itatuwan bakin kogi suna ta tsuwa da faɗa a kan wurin kwana. Warinsu ya cika wurin. A kan ciyawar da ake ba ruwa wasu walabi, 'yan ƙannen kangaru, suna kiwo ba su ko ɗaga kai ba da muka wuce.

Hanyar ba ta yi mana sallama ba. Daga kusa da inda jiragen ruwa suke tsayawa ta juya ta fuskanci dutse, sai hawa. Matakala ce, wani wuri ta dutse wani wuri ta ƙarfe, tana miƙewa tsakanin manyan duwatsu. Tazarar ba ta da yawa, zuwa wurin hangen farko da ake kira Baruwei bai kai kilomita ɗaya ba, amma kowane taku sai ka ɗaga gwiwa da gaske, ga lita uku na ruwa a gadon baya. Tun rana ba ta taɓa mu ba zufa ta jiƙa min wuya. Malam yana gaba, yana yi yana waigowa.

"Hajiya, mu tsaya?"

"A'a, mu dai rage."

"To, sannu ba ta hana zuwa."

Haka muka yi ta hawa, taku goma sha wani abu, numfashi, taku goma sha wani abu. Doguwar rigar auduga mara nauyi na sa a kan wando, da ɗan hijabi mai shara-shara, na ɗora malafa a sama. Na ga 'yan mata baƙi da yawa a wurin da kafaɗu a waje suna shafe-shafen man kariyar rana, amma ma'aikatan gandun da suke wuni a cikin ranar nan, mazansu da matansu, riga mai dogon hannu suke sawa da hula mai faɗin baki. Duk mai niyyar wannan tafiya, kayan da suke rufe jiki kuma iska take ratsa su sun fi masa.

A Baruwei an yi dandamali da shingen ƙarfe. Muna isa rana tana leƙowa, haskenta ya faɗa a bangon dutsen da ke tsallake, ya tashi daga toka-toka ya koma ja kamar an hura masa wuta. Ƙasa can ga kogin yana fitowa daga bakin kwazazzabon, kore shar, lumui, jiragen ruwa suna ɗaure ba su fara aiki ba. Daga hagu ƙasa ta buɗe, kwari mai faɗi cike da itatuwa har iyakar ganin ido. Malam ya ce "Subhanallah" a hankali, ni ma na ce.

Wannan ƙasar ta mutanen Jawoyn ce, kuma ba da baki kawai ba, har a takarda. Bature mai bincike John McDouall Stuart ya ƙetare kogin a 1862, ya raɗa masa sunan 'yar attajirin da ya ɗauki nauyin tafiyarsa, daga nan sunan Katherine ya samo asali. Bayansa makiyaya shanu da masu haƙar ma'adinai suka biyo, masu ƙasa suka koma baƙi ko 'yan ƙwadago a kan gadonsu. Sai a 1976 aka yi dokar da ta ba 'yan asalin wannan yanki damar neman filayensu. Jawoyn suka shigar da buƙatarsu a 1978, aka yi ta shari'a da jayayya shekara goma sha ɗaya, wasu mutanen gari suna tsoron in aka ba su za su rufe wurin kowa ya rasa. A 1989 aka miƙa musu. Ba su rufe ba. Suka ba gwamnatin yankin hayar wurin na shekara 99, ana tafiyar da gandun tare, su ne masu rinjaye a kwamitin gudanarwa, kuma kamfanin da ke jigilar baƙi a kogin nasu ne. Ina tsaye a kan dandamalin nan na ji nauyin abin: mutanen da aka hana su nasu, da ya dawo hannunsu suka bar ƙofa a buɗe, har mu da muka zo daga wata duniya muka samu wurin tsayawa.

Da yawa daga Baruwei suke juyawa, kuma ba su yi asara ba. Mu muka ci gaba. Burinmu wurin hange na gaba, wanda ake kira Pat's Lookout, tafiyar fiye da kilomita 8 zuwa da dawowa.

Da ka bar bakin dutsen ka shiga doron, kogin ya ɓace maka ɗungurungum. Ba ka ganinsa, ba ka jin motsinsa, ba abin da zai nuna maka akwai ruwa a kusa. Sai jan tsakuwa, faffaɗan dutse, da itatuwan turare tsilla-tsilla. Waɗannan itatuwa ba su da kyautar inuwa. Ganyensu a rataye yake yana kallon ƙasa don kada rana ta ƙone shi, saboda haka hasken yana zubowa ta tsakaninsu, in ka tsaya a gindinsu rabin jikinka ne kawai zai samu sauƙi. A tsakanin duwatsu akwai wata ciyawa da ke tsirowa dunƙule-dunƙule, tsininta yana huda wando, tana kuma fitar da ƙaro mai danƙo wanda 'yan asalin ƙasar suke narkawa su liƙa kan mashi da ƙotar kayan aiki. Ga suri ko'ina, wasu har ƙugu, wasu sun fi haka. Wani yanki duk baƙi ne, an sa masa wuta tun farkon rani, da gangan, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba, don kada gobarar ƙarshen rani ta samu abin ci ta cinye dajin gaba ɗaya. Wannan dabara ta masu ƙasar ce tun kaka da kakanni, yanzu ma'aikatan gandun da ita suke aiki. Shirwa tana ta shawagi a sama. Ƙudaje kuwa ba cizo suke ba, ruwan ido da gefen baki suke nema, kuma ba sa jin kora.

Alamomin hanya 'yan ƙananan kibiyoyi ne masu launi da aka kafa a jikin itace ko sanda. Inda hanya ta hau kan fa, sawu ba ya fita, sai ka tsaya ka nemi kibiya ta gaba kafin ka ɗaga ƙafa. Muka raba aiki ba tare da mun yi shawara ba: shi yana neman alama, ni ina duba agogo ina cewa a sha ruwa.

A nan na ga abin da ya fi tsaya min a rai a duk tafiyar. Wani siririn itace, tsawonsa bai fi mutum biyu ba, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, amma a kan rassansa ga furanni ruwan ɗorawa, manya, masu kunnuwa biyar, da wasu korayen 'ya'ya masu kama da ƙwai. Na tsaya cak.

"Malam, zo ka ga rawaya."

Ya dawo ya duba, ya ce ai rawaya ba ta yin tsawo haka. Gaskiyarsa, tamu a ƙasa take fure, bayan an ƙone daji za ka ga furenta ya ɓullo daga cikin toka, kuma saiwarta ake haƙa don launinta da magani. Amma furen nan shi ne, ba ko tantama, kuma masana tsirrai sun sa su a dangi ɗaya. Abin da ya ƙara min sha'awa shi ne aikin da take yi wa mutanen nan. Kalanda ce a wurinsu. In ta yi fure, sun san kadojin kogi da kunkuru sun ɗauki ƙwai. In 'ya'yanta suka nuna suka fara fashewa, audugar ciki ta fito, lokacin ɗibar ƙwan ya yi. Mutum yana tsaye a kan busasshen tudu, kogi ba ya ko ganinsa, amma itace ya gaya masa abin da ke faruwa a cikin yashin bakin ruwa. Jawoyn ba su raba shekara gida biyu ba kamar yadda takardun yawon buɗe ido suke yi, gida biyar suka raba ta, kuma da irin waɗannan alamu suke gane shigar kowanne. Wanda ke cikin jirgin ruwa ba zai ga wannan itacen ba, balle ya san abin da yake faɗa.

Wajen ƙarfe takwas da rabi rana ta canja hali. Da farko daga sama take dukanmu, yanzu har daga ƙasa. Dutsen ya sha zafi ya fara mayarwa, kamar kaskon da aka manta a kan murhu, ina jin shi ta tafin takalmi. Iska ta tsaya. Ƙwarin daji suka ɗauki wani kuka mai tsawo wanda ba ya yankewa har sai ya shiga cikin kai. Hira ta ƙare mana. A wata mararraba muka tarar da tankin ruwa, ruwan ɗumi-ɗumi, muka sha muka cika gorunan, na jiƙa gefen hijabina na shafa a fuska. Kafin mu yi nisa ya bushe ƙayau.

Daga nan hanya ta yi ta hawa da sauka a cikin duwatsu, ba dogon hawa irin na farko ba, amma mai cin gwiwa, saboda kowane dutse da irin tsayinsa. Akwai reshen hanya da ke gangarawa wani tafki da ruwa yake zubowa cikinsa daga sama lokacin damina. A wannan watan ruwan ba ya zuba, muka wuce.

Pat's Lookout ba ya yi maka gargaɗi. Kana cikin tafiya a kan duwatsu da ciyawa, sai kawai ƙasa ta ƙare. Malam ya kama hannuna, muka matsa iyakar inda ya dace mutum ya tsaya. Can ƙasa, nisa sosai, ga kogin kwance tsakanin bango biyu na jan dutse da suka miƙe sak, ruwansa kore mai duhu. 'Yan kwalekwale biyu masu launin rawaya suna tafiya, mutanen ciki ba a ganin fuskarsu. Bayan awanni a kan tudun da babu ɗigon ruwa, ganin wannan yalwar ruwa a ƙarƙashin ƙafarka yana sa maƙogwaro ya motsa. A nan na gane dalilin da ya sa rayuwar mutanen nan, da dokokinsu, da labaransu duk suke kewaye da wannan kogi. Sai ka ɗanɗani ƙishin sama tukuna kake sanin girman abin da ke ƙasa.

Muka samu 'yar inuwa a gindin wani dutse muka zauna, muka ci dabino da gyaɗa mai gishiri, saboda zufa ba ruwa kaɗai take fitarwa ba. Daga inda muke ana ganin yadda kogin yake tafiya: ba ya lanƙwasa a hankali irin na kogunan fadama, miƙewa yake sak sannan ya karya kwana kwatsam. Dalili shi ne dutsen yashin nan, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 1,650, ya tsattsage tun da daɗewa, tsaga a tsaye tsaga a kwance, ruwa kuma ya bi tsagogin yana ci a hankali har ya yi wannan zurfi. Kwazazzabai goma sha uku ne a jere. Da rani ruwa yana ja baya, duwatsu su fito su raba su, shi ya sa masu jirgi suke sauka su taka da ƙafa su shiga wani jirgin a gaba. Da damina duk sai su haɗe su zama kogi ɗaya mai ƙarfin gaske. A Janairun 1998 ruwan ya haura mita 20 a garin Katherine, ya shanye garin. Na dubi bangon da ke gabanmu, na ga inda launin dutse ya bambanta da inda itatuwa suka kwanta gefe guda, duk aikin ambaliya.

Kadojin da suke zaune a nan kullum ƙanana ne masu siririn baki, masu cin kifi, ba sa neman mutum sai in an takura musu. A wannan lokaci ne suke binne ƙwansu a yashi, don haka aka kafa alluna a bakin gaɓa ana hana masu kwalekwale sauka. Manyan kuwa, masu cin mutum, da ruwan damina suke haurowa, kuma ba a buɗe wa masu kwalekwale kogin sai ma'aikata sun bincika sun kafa tarko sun tabbatar babu su. Jawoyn kuma suna da nasu hanin. A al'adarsu, wani babban maciji da suke kira Bolung yana kwance a zurfin kwazazzabo na biyu, ba sa kamun kifi a wurin, kuma duk inda suka kama ba sa ɗibar fiye da abin da za su ci. Imaninmu daban, amma ban ji zan iya raina dokar da ta bar kogi da kifinsa tsawon dubban shekaru ba.

Malam ya nuna min tsallaken kogin, ya ce ta can wata hanya take farawa, ta Jatbula, kilomita 62 har zuwa magangarar ruwa ta Leliyn, tafiyar kwana biyar ko shida da kaya a baya. Sunan wani dattijon Jawoyn ne, Peter Jatbula, wanda ya yi tsayin daka a shari'ar ƙasar. Na ga idonsa yana ƙyalli. Na ce masa mu fara sauka daga wannan lafiya.

Dawowar ita ce jarrabawa. Hanyar ɗaya ce amma ranar ba ɗaya ba. Kawalwalniya tana rawa a kan fa, malafa ta daina isa. Malam da yake gaba tun safe yanzu ya dawo gefena, na lura takunsa ya yi nauyi kuma ya yi shiru fiye da kima. Na tambaye shi ko kansa na ciwo, ya ce kaɗan. Ban saurari "kaɗan" ɗin ba. Na sa shi ya zauna a inuwar wani dutse, na zuba masa garin gishiri da sukari na sha a cikin gora, na jiƙa hankici na ɗora masa a ƙeya. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da mutum ya fara magana ba kan gado, su ne alamun da zafi yake fara aikowa, kuma an yi rashin rayuka a hanyoyin dajin wannan yanki saboda an raina su. Muka zauna har ya ce idonsa ya washe.

"Allah ya yi miki albarka, Hajiya."

"Amin. Tashi a hankali."

Kusa da tankin muka yi kiciɓis da wani saurayi baƙo, shi kaɗai, yana shigowa a lokacin da kowa yake fita. Ba hula, 'yar gorar ruwa ɗaya a hannu wadda ba ta fi rabin lita ba, fuskarsa ta yi jajir. Ya tambayi Malam saura nawa a kai wurin hangen. Malam ya gaya masa gaskiyar nisan, ya gaya masa babu inuwar kirki a gaba, ya ce in ɗansa ne ba zai bar shi ya wuce ba. Yaron ya yi jim, yana duban hanya yana duban gorarsa. Na miƙa masa ɗaya daga cikin namu ya shanye a tsaye. Daga ƙarshe ya juya ya biyo mu, muka sauko tare ta hanyar bayan dutsen, wadda ta fi tsawo amma ba ta kai matakalar tsayi ba. Ban san sunansa ba, shi ma bai san namu ba.

Mun iso ƙasa kafin azahar. Jemagun nan suna rataye a rassa suna fifita da fukafukansu, su ma zafin ya ishe su. Muka sha ruwan sanyi har muka ƙoshi, muka yi alwala, muka yi sallah a kan ciyawa. Ƙafafuna suna zogi, cinyoyina suna rawa in na miƙe, na kwanta a inuwa barci ya ɗauke ni.

Da la'asar saurayin ya same mu a wurin shan shayi, ya sayi hula mai faɗi da manyan goruna biyu. Ya zauna kusa da Malam ya buɗe taswira, yana tambayar ƙarfe nawa muka tashi, a wace mararraba tankin yake, da wane launin kibiya zai bi. Malam ya ɗauki biro ya yi masa alama a kan takardar, ya ce ya gaya wa wani a sansanin inda za shi da lokacin da zai dawo, kuma ƙarfe shida ta same shi a kan matakala.